Wa Ya Hana Ta Kai Aya? Nazarin Wani Rukunin Ɗalibai a Katsina

A tsakiyar zango na biyu, wata ɗaliba 'yar aji uku a ɗaya daga cikin jami'o'in Katsina ta nemi a cire ta daga rukunin da aka sa ta. Su shida ne. An ba su aikin haɗin gwiwa a wani kwas na sashen ilimi: su binciko abin da ke sa 'yan mata barin makaranta da zarar sun gama firamare ko ƙaramar sakandare, su rubuta, su gabatar a gaban aji. Malamin kwas ɗin ya raba wa shugabannin rukunoni takarda, kowa ya rubuta irin gudummawar da mutanensa suka bayar, domin da ita za a raba wani kaso na makin. A gaban sunan wannan ɗaliba, shugabansu ya rubuta cewa tana halartar zama amma ba ta cewa komai.

Ni ke kula da al'amuran 'yan ajin, don haka ƙorafin teburina ya zo. Ba ta tsawaita ba. "Malam, ba wai ba ni da abin faɗa ba ne. Ba a bari in kai aya." Na ce wa ke hana ki? Ko numfashi ba ta ja ba ta ambaci wani yaro ɗan Ƙofar Ƙaura, wanda duk ajin ya shaide shi da surutu. Da a nan aka tsaya, da hukuncin mai sauƙi ne: a kira yaron a ja masa kunne, a gyara takarda, kowa ya kama gabansa. Abin da ya hana hakan shi ne sakatariyar rukunin tana ɗaukar zamansu a waya, da sanin kowa, saboda hannunta ba ya iya bin bakinsu. Na nemi izinin su shidan na saurara, da izininsu kuma nake wannan rubutu, bisa sharaɗin ba za a kama sunan kowa ba.

Shugaban rukunin magidanci ne, ya ba sauran shekaru masu yawa. Malamin firamare ne mai takardar NCE da ya shigo jami'a kai tsaye a aji biyu. Wasu 'yan ajin na ce masa Malam, wasu Baba. Mai ƙorafin 'yar Daura ce, makarantar kwana ta 'yan mata ta yi. Sakatariyar 'yar Funtuwa ce, ta yi makarantar kuɗi, Turanci ya zauna a bakinta. Sai ɗan Ƙofar Ƙaura, da abokinsa Banufe daga Bida wanda ya koyi Hausa da girmansa, sai wani yaro daga ƙauyukan Mani wanda da ƙyar ake jin muryarsa. Suna zama ne bayan la'asar a gindin wata bishiyar bedi, bayan ɗakunan lacca. A faifan ana jin janareta can nesa, da babura suna wucewa.

Abin da wayar ta ɗauka

Wanda ya saurari faifan sau ɗaya zai ba ta gaskiya. Muryar ɗan Ƙofar Ƙaura ce ta cika shi, da wuya wani ya buɗe baki bai hau kan maganarsa ba. Ga wani wuri da na kwafe yadda yake:

'Yar Daura: "Ni abin da na gani a ƙauyen da yayata ke koyarwa, yawancin yaran da suka daina zuwa, ba wai iyayen ne ba su so ba, makarantar ce take da…"

Ɗan Ƙofar Ƙaura: "Nisa! Wallahi nisa ne. Haka ne, Hajiya, faɗa masu."

Sai aka yi ɗan shiru.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: "Ci gaba mana, muna jin ki."

Shugaba: "Madalla, madalla. Ba katse maki hanzari na yi ba, ƙanwata, amma in kin duba duk wannan talauci ne ya haifar da shi. Malama sakatariya, rubuta: na ɗaya, talauci. Na biyu, auren wuri."

Daga nan zance ya koma kan auren wuri, bai sake waiwayo ta ba har aka tashi. Ta sake gwadawa a wani zaman, aka sake yin kusan haka: yaron ya tari numfashinta da murna, ta tsaya, shugaba ya shigo cikin ladabi ya rufe babin.

Abin da take son faɗa kuwa, da na nemi ta faɗa mini shi daga farko har ƙarshe, ya fi duk abin da ke cikin rahoton nasu nauyi. A ƙauyen da ta gani, firamare tana cikin gari, amma ƙaramar sakandare tana wani gari dabam, tafiyar ƙafa ce mai nisa, da damina kuma ƙorama tana yanke hanyar. Uba zai bar 'yarsa mai shekara tara ta je makarantar da yake hangowa daga ƙofar gida, amma ba zai bar budurwa ta riƙa keta gonaki ita kaɗai ba. Sai ta zauna a gida. Da ta shekara a zaune, sai a ce zaman me take yi, a yi mata aure. Wato a can auren yana biyo bayan barin makarantar ne, ba shi ke jawo shi ba. Wannan magana ta juya jerin da shugaba ya sa aka rubuta, kuma ba a faɗar ta a jimla ɗaya. Tana bukatar a yi wa mai ita haƙurin minti biyu, shi ne abin da ba ta samu ba.

Me ke sa baki ya riga kunne

Kafin a ɗora wa wani laifi, ya kamata a san cewa hawa kan maganar juna ba cuta ce ta ɗalibai kaɗai ba, haka aka gina hira. A 1974 wasu masana uku a Amurka, Harvey Sacks da Emanuel Schegloff da Gail Jefferson, suka fitar da bayanin yadda mutane ke karɓa-karɓa a zance ba tare da alƙali ba. Idan mai magana ya kai wurin da za a iya cewa ya gama, ko dai ya miƙa wa wani ta hanyar kiran suna ko tambaya, ko kuma, in bai miƙa wa kowa ba, wanda ya riga fara magana shi ke da fili. In kowa ya yi shiru, sai mai maganar ya ɗora. Ƙa'ida ta biyun nan ita ce tushen rigimar. Kamar shataletale ne da babu ɗan sanda: mai napep ɗin da ya riga cusa hanci shi ke wucewa, mai jiran a ba shi hanya kuwa sai ya yi ta jira. Tsakanin mutum biyu abin da sauƙi, tun da in ka yi shiru an san wa ke bi. Mutum shida kuwa, biyar ne ke fakon gurbi ɗaya.

Gurbin kuma ƙanƙane ne ƙwarai. A 2009 Tanya Stivers da abokan aikinta suka auna tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a harsuna goma na duniya. Babu Hausa a ciki, daga Afirka harshe ɗaya ne na Namibiya. Sun samu cewa a matsakaici tazarar kimanin kashi ɗaya cikin biyar na sakan ce. Mutanen Japan kusan ba sa barin tazara, 'yan Denmak su ne masu jinkiri, su ma ba su kai rabin sakan ba. Alhali masu nazarin yadda ƙwaƙwalwa ke haɗa magana sun auna cewa shirya kalma ɗaya kafin a furta ta yakan ci fiye da rabin sakan. Lissafin ba zai fita ba sai in mai sauraro yana shirya amsarsa tun ana cikin yi masa magana, yana kirdadon inda za a tsaya. Kowa kirdado yake yi, kirdado kuma yakan kuskure.

A nan 'yar Daura take da wata matsala da ba ta san da ita ba. In ta zo tsakiyar magana tana neman kalma, sai ta sauke murya ta sunkuyar da kai. A gidansu ladabi ke nan. Amma a kunnen mai fakon gurbi, sauke murya alama ce ta an gama. Har manya wannan ya taɓa ci: a 1982 Geoffrey Beattie da abokansa biyu suka binciki dalilin da ya sa 'yan jarida ke yawan katse Margaret Thatcher, Firaministar Birtaniya a lokacin, suka gano tana sauke murya a tsakiyar zance irin saukewar mai kammalawa, sai ɗan jarida ya ɗauka ta miƙa masa. Bambancin shi ne ita Thatcher in an shigo mata takan ƙwace abarta.

Akwai kuma batun harshe, wanda ban ga yadda za a fahimci hirar ɗalibanmu ba tare da shi ba. Da Hausa suke tattaunawa, amma da Turanci za a rubuta rahoton, don haka zancen yana ta tsallake tsakanin biyun. A faifan, duk lokacin da aka koma Turanci sai masu iko da fili su canja: sakatariya da Banufe su karɓe, ɗan Ƙofar Ƙaura ya rage gudu, ɗan Mani ya ɓace gaba ɗaya. Da an dawo Hausa, Banufen ne ake tarar numfashinsa yana laluben kalma. Mutum ɗaya, a zama ɗaya, yana katse wasu a wannan harshe, ana katse shi a wancan. Wanda zai fassara tunaninsa a zuci kafin ya furta ya riga ya makara da wannan rabin sakan ɗin.

Mai hayaniya

Da na kira ɗan Ƙofar Ƙaura na gaya masa ƙorafin, mamaki ya yi na gaske. "Malam, ni fa taya ta nike yi. Duk cikinmu ita ce mai magana mai ma'ana. In mutum na magana ka yi mashi tsit ai ka raina shi."

Ba ƙarya ya yi ba. A majalisar unguwa ya tashi, inda ake musun ƙwallon Turai da siyasa daga isha'i har dare ya raba, kuma a can shiru ba girmamawa ba ne, alama ce ta ba ka tare da mai magana. Mu Hausawa ma ai ba baƙin haɗa murya ba ne. Gaisuwarmu a tare ake yin ta, "ina gajiya" na hawa kan "lafiya lau" ba wanda ya ji an katse shi. Mai ba da labari yana jiran "ƙwarai", "ikon Allah", "sai me?", in bai ji ba ya tsaya ya ce kana ji na kuwa? A wurin tafsiri mai jan baki da malami suna shiga juna ba tare da an bar gurbi ba. Mafi yawan abin da yaron nan ke yi a faifan irin wannan ne: amshi, ƙarasa wa mutum jimla, maimaita kalmarsa ta ƙarshe da ƙarfi.

Deborah Tannen, wata masaniyar harshe a Amurka, ta taɓa ɗaukar hirar wata liyafa a 1978, mutum shida su ma: uku 'yan Niyok, biyu 'yan Kalifoniya, ɗaya daga Ingila. 'Yan Niyok ɗin suna shiga maganar juna don nuna suna tare, sauran kuma suka tashi da jin an hana su magana. Ba wanda ya yi nufin sharri. Salo biyu ne suka haɗu, mai saurin ya cinye mai jiran.

In ana son ganin wannan salo inda ya yi daidai, sai a saurari yaron da abokinsa Banufe. Akwai wasa tsakanin Katsinawa da Nufawa, su biyun kuma sun riƙe shi da hannu biyu. Suna katse juna ba sassauci, "kai Banufe, mi ka sani?", "dakata, bawana, manya na magana", amma ba wanda ke asarar komai, domin duk wanda aka katse zai ce "ban gama ba" ya koma daidai inda ya tsaya. A nan na gane cewa ƙidaya yawan katsewa ba ya nuna wanda aka zalunta. Banufen ya fi kowa shan katsewa a faifan, kuma duk abin da ya zo da shi ya shiga rahoto. Abin dubawa shi ne: bayan an katse mutum, maganar tana komawa hannunsa ko ba ta komawa?

Duk da haka ban wanke yaron tas ba. Amshinsa yana cinye ƙarshen jimlar mutane, wani lokaci ya ƙarasa maka da abin da ba shi kake nufi ba. A misalin da na kawo, da ya ce "nisa", sai ya zama kamar an gama maganar ke nan, alhali nisan matakin farko ne kawai. Shi ne yake buɗe ƙofar, ko da ba shi ke shiga ba.

Mai ladabi

Shugaba bai taɓa ɗaga murya ba a duk faifan. Da wuya ma ka ji muryarsa a kan ta wani. Yana jira ne a yi shiru, ya yi godiya, ya nemi afuwa, sannan ya faɗi abin da za a rubuta. Amma duk inda ya shigo, batun da ake kai ya mutu ke nan, domin kalmarsa ta ƙarshe kusan kullum "rubuta" ce. Shi kuma, in ban da sakatariya, ba mai katse shi. Ko ɗan Ƙofar Ƙaura, in Malam na magana, amshinsa ba ya wuce "haka ne, Baba".

An daɗe ana ɗora wannan al'amari a kan bambancin maza da mata. A 1975 Don Zimmerman da Candace West suka ɗauki hirarrakin mutane a wata unguwar jami'a a Kalifoniya, suka ƙirga katsewa 48 a hirar da ta haɗa mace da namiji, 46 daga ciki maza ne suka yi. Wannan adadi ya zagaya duniya. Sai dai binciken da ya biyo baya ya rage masa kaifi. A 1993 Deborah James da Sandra Clarke suka bi ɗimbin nazarce-nazarcen da aka yi, suka ga mafi yawansu ba su sami wani bambanci na a zo a gani ba. A 1998 Kristin Anderson da Campbell Leaper suka haɗa sakamakon bincike 43, suka ce bambancin yana nan amma ƙarami ne, ya fi fitowa a katsewar ƙwace fili, musamman in mutane sun kai uku ko fiye. Tun a 1985 kuma Peter Kollock da abokansa sun nuna, a tsakanin masu zaman tare, cewa wanda ya fi iko a cikin dangantakar shi ya fi katse ɗan'uwansa, mace ce ko namiji.

Rukuninmu ya fi kama da wannan na ƙarshe. Sakatariya mace ce, kuma tana katse kowa: "ku dakata, ban rubuta ba", "maimaita". Duk sanda ta faɗi haka sai a tsaya cak, saboda biro na hannunta. Ɗan Mani namiji ne, kuma abin da ya same shi ya fi na 'yar Daura muni. Ita tana kai rabin jimla, shi "ni a ganina" kawai ake ji, sai wani ya ɗauke. Bai kawo ƙorafi ba, a gaban sunansa ma an rubuta irin abin da aka rubuta mata. Ba ina cewa zama mace bai taka rawa ba. Ya taka, domin abin da za a kira kaifin baki ga yaro, in ita ta yi shi za a ce rashin kunya ne, kuma ta san haka. Amma shekaru da muƙami da biro sun fi jinsi aiki a gindin bedin nan.

Da na zauna da shugaba, dalilansa ba na mugunta ba ne. Yana da iyali, yana son ya hau babur ya isa gida kafin magariba, zaman awa ɗaya ne, maki kuma yana kan rahoto ba kan hira ba. Ya san amsoshin da ke cikin littafi, talauci da auren wuri da talla da jahilcin iyaye, ya kuma yi imani su malamin kwas ke son gani. Ga kuma sabo da koyarwa a aji. Mary Budd Rowe ta auna tun farkon shekarun 1970 cewa malami in ya yi tambaya ba ya jiran amsa fiye da kimanin sakan ɗaya, in kuwa ya daure ya kai sakan uku sai amsoshin yara su ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana su fara. Mutumin da ya yi shekaru a gaban allo, shiru a wurinsa alama ce ta yaro bai sani ba, aikin malami kuma ya cike gurbin. Da 'yar Daura ta yi shiru, shi a zuciyarsa ceton ta ya yi daga jin kunya.

To me ya sa ba shi ta kawo ƙara ba? Wannan ita ce tambayar da ta fi ɗaukar hankalina. Na kunna mata wurin da na kwafe, na ce ta saurari wanda ya ce ta ci gaba da wanda ya canja magana. Ta saurara, ta yi ɗan murmushi, ta ce: "Ai shi Malam babba ne."

Katsina ake yi wa kirari da ɗakin kara, a ce kunya gare ku ba dai tsoro ba, Daura ma ba a bar ta a baya ba wajen wannan tarbiyya. A gidan da ta tashi, in babba ya karɓi magana to ta zama tasa. Ba a cewa "ban gama ba" ga sa'an yayanka, balle wanda ake kira Baba. Wannan ya zauna mata har ba ta jin shigowarsa a matsayin katsewa. Zafin rashin faɗar abin da ke ranta yana nan, sai ya nemi inda zai sauka, ya sauka a kan sa'anta mai ƙarar murya, wanda al'ada ta yarda a yi fushi da shi. Ba ƙarya ta yi mini ba. Abin da kunnenta ya ji ta faɗa.

Akwai wani abu kuma da nake ganin ya shafi ɗalibanmu gaba ɗaya. Sun san ƙa'idar magana a wurare da yawa. Sun san ranar Juma'a ko "yi shiru" ba a ce wa na kusa in liman na huɗuba. Sun san zaman zaure gaban malami, sun san gaban iyaye, sun san majalisa da ɗakin 'yan mata. Abin da ba a koya musu ba shi ne zaman mutum shida, maza da mata, babba da yara, waɗanda a takarda duk matsayinsu ɗaya. Da yawansu daga makarantun maza zalla ko mata zalla suka fito. Jami'o'in jihar ma ba su daɗe ba: Al-Qalam 2005, ta Umaru Musa 'Yar'aduwa 2006, ta tarayya da ke Dutsin-Ma 2011. Ɗalibai da dama su ne na farko a gidansu da suka taɓa irin wannan zama, ba wanda ya riga su balle ya gaya musu yadda ake yi. Sai kowa ya zo da ƙa'idar wurin da ya saba: wannan da ta majalisa, wancan da ta aji, waccan da ta tsakar gida.

Bayan an saurara

Na tara su na kunna musu wasu wurare daga faifan ba tare da sharhi ba. Ɗan Ƙofar Ƙaura ya yi ta dariyar kansa yana rufe fuska. Shugaba bai yi dariya ba.

Banufe ne ya kawo shawarar a riƙa miƙa biro, wanda ke riƙe da shi kaɗai zai yi magana. Suka gwada, bai kai ƙarshen zama ba. Hirar ta koma kamar zaman kotu, mai magana yana jin kansa shi kaɗai ba mai amsa masa, har ita 'yar Daurar ta ce shirun ya fi rikita ta. Daga baya yaran biyu suka mai da biron abin wasa, suna fizge shi a hannun juna. Ban yi mamaki ba. Hana Bahaushe amshi ba gyara ba ne.

Abin da ya yi aiki ƙarami ne, kuma daga sakatariya ya fito, tun da ita ce mai ikon tsayar da kowa. Ta ce daga yau ba za ta rubuta komai ba sai ta juya ga wanda ya fara maganar ta ce "ka gama?" ko "kin gama?". Ɗaya daga cikinsu ya tuno musu hadisin da ke cikin Buhari, na baƙauyen da ya yi tambaya a kan tashin alƙiyama alhali Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana cikin magana: bai yanke zancensa ba, sai da ya kammala sannan ya nemi mai tambayar ya ba shi amsa. Wannan ya sauƙaƙa wa shugaba karɓar tsarin, don ya zama ba yara ne ke koya masa ladabi ba.

Ya karɓa, amma ransa bai so ba. Ya same ni daga baya ya ce an tozarta shi a gaban 'ya'yan cikinsa, shi da bai taɓa yi wa kowa tsawa ba. Na ba shi haƙuri a kan yadda ya ji, ban janye abin da faifan ya nuna ba. Har aka gama aikin yana zuwa zama, yana yin abin da ya kamata, amma ya rage sakin jiki da su.

Maganar nisan makaranta ta shiga rahoto, ita ce ma ta zama kashin bayansa, kuma 'yar Daura ce ta gabatar da wannan ɓangare a gaban aji. Ta fasa barin rukunin. Har yanzu ba ta cewa "ban gama ba". Abin da ta koya shi ne ta zauna kusa da sakatariya, in an shigo mata ta taɓa hannunta. Ɗan Ƙofar Ƙaura bai daina tarar numfashin mutane ba, sai dai yanzu yakan bi da "yi haƙuri, ƙarasa".

Ɗan Mani kuwa tambayar "ka gama?" ba ta amfane shi ba, don shi ba ya ma farawa. Sai ga shi wani dare ya turo saƙon murya a zauren WhatsApp na rukunin, mai tsawon mintoci, da Hausa tsantsa, a kan yadda ake cire 'yan mata daga aji lokacin cirar gyaɗa da roron wake, su dawo an wuce su, kunya ta hana su ci gaba. Magana ce a tsare, ba in'ina ba kame-kame. Sakatariya ta fassara ta sa a rahoton. Shugaba ya yi ƙorafin cewa irin waɗannan saƙonni suna cinye masa data, amma ya saurara har ƙarshe, tun da a saƙon murya babu gurbin da zai shigo.

Malamin kwas ya yarda aka sake cike takardar gudummawa ta wannan rukuni, aka gyara makin mutum biyun. Sauran rukunonin ajin ba su da faifai, don haka abin da shugabanninsu suka rubuta shi aka yi aiki da shi. Na ba shi shawarar ya bar kowane ɗalibi ya rubuta tasa gudummawar da kansa a haɗa da ta shugaba. Ya ce ajin ya yi yawa, ba zai iya karanta duka ba, zai dai duba a zango mai zuwa.